Ra'ayinmu: Laifin Linux Ne Ko Na Maƙera?

Daga cikin koke-koken ɗalibai da ƙananan ma'aikata waɗanda suka ɗora Linux a kan kwamfutocinsu, babu wanda ya fi yawa kamar na katin sadarwa, wato 'yar na'urar nan da ke haɗa kwamfuta da intanet, ko ta waya ko ta Wi-Fi. Mutum ya gama ɗora manhaja lafiya lau, ya kunna, ya tarar babu intanet babu dalilinta. Nan take sai ya ce Linux ba ta da amfani, ya koma neman kwafin Windows na sata. A ganinmu, wannan hukunci ne da aka yanke ba tare da an saurari wanda ake ƙara ba.

Kowane kati yana bukatar direba, wato manhajar da ke tafinta tsakaninsa da sauran kwamfutar. Linux, wadda Linus Torvalds ya fito da ita a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, tana zuwa da akasarin direbobinta a cikin zuciyarta, wadda ake kira kanel. Inda ake samun cikas shi ne inda kamfanin da ya ƙera katin ya ɓoye sirrin aikinsa. Shekara da shekaru 'yan sa kai ne suka yi ta lalube har suka rubuta direban b43 na katunan Broadcom, sai a 2010 kamfanin ya saki buɗaɗɗen direba na wasu katunansa. Har ila yau, akwai katunan da ba sa motsi sai an ɗura musu wata 'yar manhaja ta kamfani duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Debian ta daɗe ba ta sa irin wannan a faifanta na ɗorawa, sai da 'yan ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a a 2022, sa'an nan Debian 12 ta fito da ita a 2023.

To, mene ne abin yi? Likita ba ya ba da magani sai ya san cuta. Da farko a buɗe tagar umarni a rubuta lspci -k, domin a ga sunan katin da direban da ke riƙe da shi, in akwai. Idan katin na sokawa ne ta USB, sai a rubuta lsusb. Na biyu, a duba rfkill list, domin sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, maɓalli ne kawai ya toshe Wi-Fi. Na uku, a karanta abin da dmesg ya nuna, domin a nan ne kanel ke faɗin sunan fayil ɗin da ya nema bai samu ba. Wani lokaci kuma direbobi biyu ne ke rikici a kan kati ɗaya, kamar r8169 na cikin kanel da r8168 na kamfanin Realtek, sai an dakatar da ɗaya a zauna lafiya. Kada kuma a manta cewa tsarin tsaro na Secure Boot yana ƙin karɓar direban da ba shi da sa hannun da ya amince da shi.

Wani zai ce, yaya za a sauko da direba alhali babu intanet? Gaskiya ne, abin ya yi kama da mabuɗin da aka kulle a cikin ɗaki. Amma akwai taga. A haɗa wayar salula da kwamfutar ta igiyar USB, a kunna raba intanet a wayar, galibi Linux za ta gane ta ba tare da wani direba na daban ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancinmu kwamfutocin gwanjo muke saye, da kuɗin da iyaye suka tara da gumi. Saboda haka muna kira ga duk mai niyyar saye da ya tafi kasuwa da Linux a kan filashi, ya tayar da kwamfutar da ita, ya tabbata katin yana aiki kafin ya zare ko kwabo. Wanda kuma ya riga ya shiga matsala, in zai nemi taimako, ya zo da sunan katinsa da abin da dmesg ya faɗa, domin "intanet ba ta yi" ba bayani ba ne.

Daga ƙarshe, muna roƙon 'yan'uwanmu na sashen nazarin kwamfuta da su ware rana guda a kowane zangon karatu su zauna da masu irin wannan matsala, su koya musu gyara maimakon su gyara musu. Ɗalibi ne ya fara Linux. Abin kunya ne ɗalibi ya guje ta saboda umarni uku da bai tsaya ya koya ba.