Yaran Pueblo a Bangon Falo

A Amurka, kamfanonin kayan ado na sayar da tsofaffin hotunan yaran Pueblo, 'yan asalin ƙasar, waɗanda irin su Edward Curtis suka ɗauka a farkon ƙarni na 20. Mai saye ya rataya a falo, don ya dace da launin kujeru. Galibi ko sunan yaron babu, sai na ƙabilarsa. A zamanin ne kuwa ake kwashe irinsu zuwa makarantun kwana, kamar ta Albuquerque da aka buɗe a 1881, ana raba su da harshen iyayensu. Doka dai ba ta hana cinikin ba. Amma jikokinsu na nan da rai, kuma garuruwansu da dama ba sa barin baƙo ya ɗauki hoto sai da izini. Kamata ya yi a fara tambayarsu.