Mai amsa-kuwwa, wa ya ba ka izinin wasa da mu?

Hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya fara sauka, ganguna sun fara tashi a filayen kokowa. Zancenmu na wannan wata a kan mutumin nan yake mai riƙe da amsa-kuwwa a bakin fili, da kuma mu da muke yi masa dariya.

Kowa ya san matsayin kokowa a Nijar. Tun 1975 da aka fara kokowar ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama gwarzo na farko, abin gaba yake ci. Yau jaha 8 ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa 10: Agadas, Difa, Doso, Damagaram, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Yamai. Radiyo da talabijin suna kawo mana har gida. Ban da wannan akwai kokowar gari-gari, ta ranar kasuwa da ta bayan girbi, kowace da mai shelarta. A da sanƙira da maƙogwaronsa kaɗai yake aiki, muryarsa ba ta wuce bakin fili. Yanzu amsa-kuwwa tana kai magana har bayan gari. Salula kuma ta ɗauka, kafin gari ya waye an ji ta a wata jaha.

Aikin mai shela aiki ne babba. Shi ke kiran ƴan kokowa, shi ke faɗin wanda ya yi kyauta, shi ke zuga fili idan ya yi sanyi. Wasu sun iya ƙwarai, Allah ya saka musu. Amma akwai waɗanda ba su da guzuri sai abu biyu: mace da ƙabila. Idan an ka da ƙato sai ka ji: "Ku ba shi zane ya ɗaura, ya koma madafa!" Idan ɗan kokowa yana ja da baya sai a ce amarya ce tana jin kunya. Idan baƙo ya shigo fili daga wata jaha, ba a tambayar ƙarfinsa. Sai a fara da abincin garinsu, a koma kan yadda yake karya Hausa, a ƙare da kakanninsa. Fili ya ɗauki shewa. Wani har ya tashi ya liƙa wa mai shela kuɗi a goshi.

Idan ka yi magana sai a ce maka: "Haba malam, ai wasa ne. Ba ka san wasan taubasai ba?"

Mun san shi sarai, a cikinsa muka tashi. Bafillace da Babarbare abokan wasa ne. Bafillace da Ba'are haka. Bagobiri da Bazabarme haka, Bazabarme da Buzu haka. A cikin gida kuma ɗan mace da ɗan namiji, ga jika da kaka. Wannan al'ada ta kashe wutar faɗa da yawa a bakin rijiya da kan iyakar gona. Har hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar. Ba mai hankalin da zai ce a bar ta.

Amma wasan taubasai yana da dokokinsa, ko da ba a rubuce suke ba. Na ɗaya, da abokin wasanka kake yi, ba da duk wanda ka gani ba. Na biyu, ido da ido ake yi: ka faɗa, ya rama, a yi dariya tare. Na uku, wasan yana tafe da haƙƙi. Wanda kake tsokana yau, gobe idan gobara ta ci gidansa kai ne na farko da zai kai masa damin hatsi. A watan cika-ciki har shara ake biya tsakanin taubasai. Na huɗu, idan ka ga fuskarsa ta sake, sai ka tsaya.

To, mu auna wasan mai amsa-kuwwa da wannan mudu. Ɗan kokowan da ya taso daga nesa ba taubashinsa ba ne, wataƙila bai taɓa ganinsa ba. Yana tsakar fili, ƙura a baki, ba shi da amsa-kuwwa balle ya rama. Ƴan ƙabilarsa da ke zaune cikin taro su goma ne cikin dubu. Idan sun yi fushi a ce ba su san wasa ba. Idan sun yi dariya, ta dole ce. Mai shela kuwa ba ya ganin fuskar kowa, shewa kawai yake ji. An tashi ya naɗe kuɗinsa ya tafi, ba wanda ke binsa bashin komai. Wannan ya ɗauki daɗin wasan ya bar nauyinsa.

Akwai ma kalmar da ba ta shiga wasa ko kaɗan a bainar jama'a. Tsakanin taubasai biyu, wani kan ce wa wani "bawana", su duka su yi dariya, don sun san ba haka ba ne. Amma a cikin taron dubu akwai mutanen da har gobe ake hana wa aure saboda wannan kalma. Ƙasarmu ta yi dokar hukunta bauta a 2003. Wanda ya jefa kalmar ta amsa-kuwwa bai san kan wa za ta faɗa ba. Magana zarar bunu ce.

Mu komo kan mata. Su da wace ƙabila suke wasa, da har aka mai da sunansu zagi? Idan "mace" ita ce kalmar da ake jifan wanda ya faɗi da ita, to me aka ce wa uwar mai shela? Me aka ce wa uwar wanda ya yi kaye? Duk ƙaton da kuka gani a fili, mace ta goya shi. Mace ta daka furar da ta gina masa wannan ƙirji. Mata ke guɗa idan ya yi nasara. Wanda ke ganin ɗaura zane alamar ragwanci ce, ya gwada surfen dami guda, ko jan guga a rijiya mai gaba ashirin, sannan ya zo mu yi zance.

Tarihi ma bai goyi bayansu ba. A 1899 sojojin Faransa na Vule da Shanuwan sun ratsa ƙasar nan suna ƙone garuruwa. A Lugu, cikin Arewa, Sarauniya ce ta tsaya ta yi yaƙi da su. A zamaninmu kuma, a wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021, ɗiyar Nijar Tekiath Ben Yessouf ta kai har karawar neman lambar tagulla a wasan tekwando, gaban duniya duka. Yarinyar da ke son gudu ko ƙwallo a lakwal, idan kullum abin da take ji ke nan daga fili, da wane ƙarfin zuciya za ta fito? Ubanta ma zai bar ta?

A wurinmu na yaƙi da jahilci mun tattauna wannan da ɗalibai. Maza da yawa sun ce ba su ga laifi ba. Mata suka ce su dai sun rage zuwa kallo, don idan aka fara irin wannan zance duk ido kansu yake komawa. Masu sayar da ƙosai da gyaɗa ba su da yadda za su yi, sai su sunkuyar da kai su ci gaba da ciniki. Wata dattijuwa ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne washegari. Yara sun kwashe kalmomin, suna jifan juna da su a hanyar rijiya, har da ɗan baƙon da ke zaune a unguwa.

Ashe laifin ba na mai shela ba ne shi kaɗai. Shi ɗan kasuwa ne, abin da ake saye yake kasawa. Ran da ya yi wannan zance fili ya yi tsit, ba shewa ba liƙi, ran nan zai bari. Mu ne ke biyansa.

Ba mu ce a hana dariya ba. Kokowa ba zaman makoki ba ce. Ku dubi ƴan cali-cali. Suna ɗaura tarkacen layu, suna kwaikwayon tafiyar manyan ƴan kokowa, suna faɗuwa da gangan. Fili duka yana dariya, ba wanda ya koma gida da ciwon zuciya, don kansu suke yi wa dariya. Mai shela ma yana da abin faɗi da yawa: sunan ɗan kokowa da garinsu, kayen da ya yi bara, wanda ya koya masa, irin kamun da ya ƙware a kai. Wannan yana bukatar sani da tambaya. Zagin mata da baƙi kuwa ba ya bukatar komai.

Saboda haka muna kira ga masu gari, da sarakunan samari, da masu shirya kokowa: kafin ku miƙa wa mutum amsa-kuwwa, ku gaya masa iyakarsa. Idan ya wuce, ku karɓe ku ba wani. Ƴan kallo, kuɗinku ku ba wanda ya yi kaye mai kyau, ko makaɗin da ya ji daɗin kiɗa. Baƙon da ya zo kokowa garinku, ku tarbe shi da ruwa da fura, don baɗi naku yaron ne zai je garinsu. Mai taubashi kuma ya je ya same shi inda yake zaune, ya tsokane shi son ransa, ya tsaya ya ji amsa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ku tattauna a dandali, ku rubuto mana ra'ayinku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa.