Ha'inci Ne, Ku Daina Ce Masa Wayo

A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya, 'yan watanni bayan gwamnan Zamfara na lokacin, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999. Ba wanda ya tsaya neman sunan da zai sakaya laifin. Ɓarawo aka ce, aka wuce wurin.

A farkon 2025 kuma gwamnatin Dauda Lawal ta sanar da cewa tantance ma'aikatan Zamfara ya bankaɗo na bogi 2,363, da kuma yara ƙanana 220 da ake biyan albashi da sunansu. Yaro dai ba ya rubuta kansa a takardar albashi. Wani ƙato ne mai gemu ya rubuta, wani ya sa hannu, aka raba duk ƙarshen wata. Amma zauna a majalisar bayan La'asar a Furfuri ko Bungudu ka ji yadda ake ambaton irin waɗannan: "ai ya san hanya", "mutumin akwai wayo", "ya iya allonsa". Wallahi har da 'yar dariyar sha'awa ake faɗa!

Wannan lallashin da muke yi wa ha'inci shi ne ya fi ƙona mini rai, don tuni ya sauko kasuwa. Mai awo ya bubbuge gindin tiya don ta rage ci, a ce kasuwa ce. A cuɗa taki da yashi a sayar wa manomin da ya ci bashi, damina ta wuce gonarsa ba yabanya, a ce ya yi sakaci bai duba ba. Wanda aka cuta shi ne wawa. Wanda kuwa ya riƙe amanar ofis shekara da shekaru ya fito da tsohon babur, danginsa ne farkon masu yi masa gori. Kuma dukkanmu mun haddace Suratul Muɗaffifina, mai gargaɗi kan tauye mudu, tun muna makarantar allo.

Ba sai mun jira hukumar EFCC ba. Idan maha'inci ya zo neman auren 'yarka, gaya wa waliyyansa dalilin da ya sa ka hana. Idan ya kawo gudummawar masallaci, liman ya tambaye shi inda ya samo kafin a yi masa kabbara.