Ƙyanƙyasar kawa a Gambiya: Kada gini ya riga tsari

A bakin Kogin Gambiya, dab da birnin Banjul, akwai dausayin Tanbi inda ɗaruruwan mata ke ciyar da iyalansu da kawa, wato halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ke mannewa a saiwoyin itatuwan mangrof. Sukan shiga kwalekwale idan ruwa ya janye, su ɓamɓaro ta, su dafa, su kai bakin titi su sayar.

Matan nan sun riga sun yi abin da ya fi wuya. A 2007 Fatou Janha Mboob ta haɗa kansu a ƙungiyar TRY, a 2012 kuma gwamnati ta mallaka wa ƙungiyar ikon ɗibar kawa a Tanbi ita kaɗai. Suka amince a rufe ɗiba tsawon wata takwas a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, domin kawar ta samu girma.

Sai dai wata huɗu ba ya riƙe gida shekara guda. Mafita ita ce kiwo, shi kuwa kiwo ba ya yiwuwa sai da iri. Har yanzu mafi yawan masu kiwon kawa a Afirka ta Yamma sukan rataya tsofaffin ɓawo ne a ruwa, su jira 'ya'yan kawa su manne. Bana a samu, baɗi a rasa.

A nan ne cibiyar ƙyanƙyasa ke da amfani. Ana ajiye iyayen kawa a tankuna, a sauya ɗumin ruwa har su saki ƙwai, mace ɗaya kan saki miliyoyi. 'Ya'yan kan yi mako biyu zuwa uku suna yawo a ruwa ana ciyar da su gansakuka ƙanana da ake nomawa a cibiyar, kafin su manne a raba wa masu kiwo. Duk wanda ya ga yadda wuraren ƙyanƙyasa suka bunƙasa kiwon tarwada a Najeriya ya san tasirin samun iri a kan kari.

Amma cibiya ba gini ba ce kawai. Idan wuta ta ɗauke, famfo da injin iska suka tsaya, aikin makonni na iya lalacewa cikin dare ɗaya. Ruwan ma sai an sa masa ido. A 2007 da 2008 'ya'yan kawa sun yi ta mutuwa a cibiyar Whiskey Creek da ke jihar Oregon a Amurka, daga baya aka gano tsamin ruwan teku ne ya ƙaru. Ba su farfaɗo ba sai da suka koma auna ruwan kullum suna gyara shi.

Don haka kafin gwamnati ko masu ba da tallafi su aza tubali, wajibi ne a amsa tambayoyi uku: wa zai biya kuɗin wuta da albashi bayan tallafi ya ƙare, 'yan ƙasa nawa aka horar, kuma nawa za a sayar wa matan irin? Idan farashin ya fi ƙarfinsu, masu jari ne za su kwashe ribar dausayin da matan suka sha wahalar karewa. Ya kamata ƙungiyarsu ta samu kujera a hukumar gudanarwa tun ranar farko.