Sammacin Kotu Ba Abin Gudu Ba Ne

Ikilisiya tana iya rasa filinta tana da gaskiya, saboda tsoron kotu kawai.

Shari'ar fili, haya ko bashi ba tuhumar aikata laifi ba ce. Mai ƙara ne ke kawo kuka, kuma nauyin kawo hujja yana wuyansa. Wanda ake ƙara wajibi ne ya amsa. In ya karɓi sammaci ya ƙi zuwa, alƙali yana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Lauya zai yi magana a madadinmu, amma shaidu da takardu ne ke tsayar da magana.

Dokar filaye ta 1978 ta sa rigimar filin da gwamna ya ba wa takardar mallaka, irin na Nassarawa GRA, a hannun Babbar Kotun Jiha, wadda ke zama a Sakatariyar Audu Bako. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba kowa 'yancin a saurare shi.

Saboda haka muna roƙon dattawa su adana takardun majami'a, su yi wa amintattun ikilisiya rajista, gama da sunansu ikilisiya take tsayawa a gaban alƙali. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.