"Haka Kwamfuta Ta Nuna": Wa Zai Biya Kuɗin Kuskuren Akawu?

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ofisoshi da bankuna da makarantun garin nan na Jos, wadda da zarar ma'aikaci ya furta ta, to, shari'a ta ƙare, babu ɗaukaka ƙara. Maganar ita ce, "Haka kwamfuta ta nuna." A kan wannan magana muke so mu yi tsokaci a wannan fili namu na yau, domin kuwa mun ga tana neman zama bangon da mai kuskure ke fakewa a bayansa, alhali wanda aka yi wa kuskuren yana can a rana yana bin layi.

Kwanan baya na tarar da wani dattijo a wani ofis, ya taso tun daga Bukuru karo na uku a kan maganar fanshonsa. A takardar ɗaukarsa aiki an rubuta sunansa Muhammadu, a banki Mohammed, ranar haihuwarsa kuwa, wadda take 3 ga watan Yuli, ta koma 7 ga watan Maris a katinsa na ɗan ƙasa. Saurayin da ke zaune gaban na'ura ya dube shi cikin ladabi ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, haka kwamfuta ta nuna, sai ka je kotu ka yi rantsuwa." Dattijon nan ya nisa, ya ce, "To, ɗana, ita kwamfutar ta ci goron sunana ne, har ta fi ni sanin ko ni wane ne?" Mutane suka yi dariya, amma shi bai yi ba, gama kuɗin motarsa na komawa gida ma rance ne.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin na'urar nan. Abin da ake kira rumbun bayanai ba wani tsafi ba ne. Littafin rajista ne irin wanda akawun da ya saba jan layi a ciki, kowane mutum da layinsa, kowane bayani da gurbinsa: nan suna, nan ranar haihuwa, nan gari. Wani masani na kamfanin IBM a Amurka, Edgar Codd, shi ya shimfiɗa ƙa'idar tsara bayanai a jadawali masu alaƙa da juna a shekarar 1970. Daga baya manhajoji irin su dBASE suka kawo wannan tsari kan kwamfutar tebur, sa'an nan Microsoft Access ya fito a 1992, ya bazu cikin asibitoci da makarantu da ƙananan ofisoshi. Akawu ba ya taɓa jadawalin kai tsaye. Abin da yake gani a allo shi ne fam, wato fuskar da wani ya zana masa, da gurabun da zai cike. Saboda haka mutum biyu ne ke riƙe da sunanka: wanda ya zana fam ɗin, da wanda ya cike shi. Ita na'ura amana kawai take riƙewa. Gaskiya aka ba ta ko kuskure, haka za ta mayar.

Kuskuren akawu ba sabon abu ba ne a garin kuza. Tun zamanin da leburori ke kwararowa daga Kano da Katsina da Barno zuwa ramukan haƙar kuza, akwai malamin da ke rubuta sunayensu yadda kunnensa ya jiye masa. Sai dai a wancan lokaci kuskuren yakan tsaya a littafi guda, kuma wanda ya yi shi yana nan kusa, ana iya nuna masa ya soke da alƙalami. Yau abin ya sake. Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umurnin a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta wannan lamba ga duk mai neman rubuta jarrabawarta. Rumbuna sun koma suna duba juna, harafi da harafi. Harafi ɗaya da yatsan wani ya zame a kansa a wani shagon kwamfuta na wajen Taminus ya isa ya hana yarinya jarrabawa, ya toshe wa ɗan kasuwa asusunsa, ya tsai da fanshon tsoho. Abin da ya ci Doma, in ji Bahaushe, ba ya barin Awe.

A ganina, babban rabon laifin yana wuyan masu zana fam, domin sau da yawa sukan ɗauko tsarin da aka yi wa mutanen wata ƙasa su ɗora mana shi kamar rigar aro. Dubi maganar suna. Fam yana neman sunan farko, da na tsakiya, da sunan iyali. Mu kuwa a al'adarmu akwai sunan yanka, da sunan mahaifi, da laƙabi, wani lokaci har da sunan gari, kamar yadda muka san Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Wanne ne sunan iyali a ciki? Idan ba a rubuta ƙa'ida a jikin fam ɗin ba, akawun yau zai sa sunan mahaifi, na gobe ya sa na kaka, mutum guda ya zama mutum biyu. A ɗaya gefen kuma, 'yan'uwanmu Birom suna da sunaye irin su Pam da Gyang da Dung da Davou waɗanda dubban mutane ke amsawa, kamar yadda Musa Ibrahim ba ya ƙirguwa a cikin Hausawa. Ofishin da ya dogara da suna kaɗai wajen neman mutum, wata rana zai haɗa mutum biyu ya mai da su guda, ya ba wani sakamakon gwajin jinin wani. Maganin wannan sananne ne ga duk wanda ya koyi aikin: kowane mutum a ba shi lamba tasa shi kaɗai, wadda na'ura ba za ta yarda a maimaita ba.

Sai maganar haruffa. Tun wajen shekarun 1930 aka tsai da haruffa masu lanƙwasa a rubutun Hausa na boko, kuma manhajojin zamani suna iya ajiye su ba tare da wata wahala ba. Amma har yanzu Ɗanladi da Ɗahiru da Ɓaidu sai su bar lanƙwasarsu a ƙofar ofis. Waƙafin sama da ke cikin Sa'adu da Isma'ila da Asma'u kuwa, akwai famomin da ke ƙin karɓarsa sam, saboda wanda ya tsara su bai yi masa tanadi ba. Abin mamaki, a Jihar Filato muna da ƙaramar hukuma sukutum mai wannan alama a sunanta, wato Qua'an Pan.

Ranar haihuwa ita ce babbar rijiyar da ake faɗawa. Mu mukan fara da rana, sa'an nan wata. Mutanen Amurka, inda aka ƙera yawancin manhajojin nan, sukan fara da wata. Idan ba a daidaita na'urar ba, akawu ya buga 3/7 yana nufin 3 ga Yuli, ita kuwa ta karanta 7 ga Maris, ba tare da ta yi ƙorafi ba, tun da duka biyun ranaku ne na gaskiya. Abin da ya sami dattijon Bukuru ke nan. Da mai zanen ya sa sunan wata ya fito da haruffa, da ido ya kama kuskuren nan take. Haka nan fam ɗin da ya tilasta a cike rana da wata, alhali iyayenmu da yawa shekarar kawai suka sani, shi ya sa ake ta haihuwar mutane ran 1 ga Janairu. Me zai hana a bar gurbin da za a nuna cewa shekarar ƙiyasi ce? Lambar waya ma, in aka tsara gurbinta a matsayin adadin lissafi, sifirin farko sai ya ɓace.

Akwai kuma jerin zaɓi, wanda aka yi domin a rage kuskure, amma shi ma yana da tarkonsa. Ƙananan hukumomin jihar nan 17 ne, kuma a jerin abacada Kanam da Kanke suna maƙwabtaka, Jos uku suna jere, Langtang biyu suna jere. Zamewar yatsa kaɗan ta isa ta yi wa mutum ƙaura. Bugu da ƙari, taswira kanta ta sha sakewa. Wanda aka haifa a Keffi a 1965 an haife shi a Jihar Arewa, ya shiga Binuwai-Filato a 1967, ya koma Filato a 1976, ya wayi gari a Nasarawa a 1996, bai kuwa gusa daga ƙofar gidansu ba. Mu mutanen Jos mun fi kowa sanin nauyin gurbin nan na "ƙaramar hukumar asali", domin gardamar ɗan ƙasa da baƙo tana cikin abubuwan da suka jawo mana zubar da jini a 2001 da 2008 da 2010. Wannan gardama ta shugabanni ce da tsarin mulki, ba a teburin akawu za a warware ta ba. Abin da ya wajaba a kan mai zana fam shi ne ya raba gurbin wurin haihuwa, da na wurin zama, da na asali, kowanne dabam, shi kuma akawu ya rubuta abin da takarda ta nuna, kada ya yi wa kowa hukunci da ka saboda jin sunansa.

To, shi akawun fa? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu ganganci, masu buga suna suna hira a waya. Amma mu faɗi gaskiya, wannan aiki mun raina shi. Yaron da ya yi 'yan watanni a makarantar koyon kwamfuta, ko ɗan hidimar ƙasa da zai tafi baɗi, shi ake ajiyewa a kujerar, a biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma gwargwadon yawan mutanen da ya shigar. Wanda aka ce ladansa a yawa yake, yaushe zai tsaya dubawa? Sa'an nan ba kowa aka koya wa halin manhajar ba. A Access, alal misali, da zarar ka bar layin wani ka matsa gaba, abin da ka buga ya zauna, ba sai an tambaye ka ba. Akawun da ya manta bai buɗe sabon shafi ba sai ya rubuta sunan baƙo a kan na wanda ke ciki, tsohon bayani ya tafi, kuma in ba a yi tanadin ajiye tarihin gyara ba, babu mai sanin wanda ya yi, balle yaushe.

Mu da muke aikin tace rubutu a jarida mun san ido guda ba ya isa. Shi ya sa ake sa wani ya karanta a fili, wani yana bin asalin rubutun da ido. Masu aikin katin huda na farkon zamanin kwamfuta ma haka suke yi: mutum ɗaya ya buga, na biyu ya sake bugawa, na'ura ta tsaya duk inda suka saɓa. Idan ana yi wa labarin da za a naɗe ƙosai da shi gobe wannan hidima, ashe sunan da mutum zai rayu da shi har kabari bai cancanci haka ba?

Na san za a ce ofisoshi suna tsaurara gyara ne saboda masu rage shekaru da masu cin albashin matattu. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu goyon bayan a buɗe ƙofa kowa ya sake ranar haihuwarsa yadda ya ga dama. Amma rarrabe maƙaryaci da wanda aka yi wa kuskure ba shi da wuya in ana so. A ɗauko takardar da mutum ya cike da hannunsa ranar farko. Idan abin da ke cikinta ya saɓa da na na'ura, kuskuren na ofis ne, kuma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Babu adalci a ce talaka ya biya kuɗin rantsuwa a kotu, ya biya na sanarwa a jarida, ya biya na gyara, ya biya na mota, duk a kan harafin da ba shi ya buga ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ba kowane mutum haƙƙin neman a gyara bayanin da aka rubuta a kansa ba daidai ba. Haƙƙin da sai mai kuɗi ke iya karɓa kuwa, saura kaɗan ya zama alfarma.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu da asibitoci da makarantu da bankuna na jihar nan da su tsai da ƙa'ida. Kada a ajiye bayanin kowa sai an juya masa allo ya gani, ko an karanta masa da harshen da yake ji, sa'an nan a buga masa kofi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A adana takardar asali. A sa na'ura ta riƙa rubuta sunan duk wanda ya yi gyara, da ranar, da abin da ke wurin kafin gyaran. Kafin a fara aiki da sabon fam, a gwada shi da sunayen mutanenmu na gaske, Birom da Angas da Tarok da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani da sauransu, gama tun ran gini ake zane. A horar da akawu, a biya shi albashin da ya dace da amanar da ke hannunsa. Kuskuren da aka tabbatar na ofis ne kuwa, a gyara shi kyauta, cikin kwanakin da aka ƙayyade.

Ku kuma 'yan'uwa masu karatu, kada kunya ko tsawon layi su sa ku tashi daga gaban teburin nan ba ku ga abin da aka rubuta ba. Ku zaɓi rubutun suna guda ku tsaya a kansa, ku da 'ya'yanku, tun daga takardar haihuwa har zuwa ta makaranta. Wanda ya iya karatu ya raka tsohonsa. Minti biyu na dubawa sun fi wata shida na zirga-zirga tsakanin Bukuru da Jos. Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, mu kuma ya ba mu ikon kula, amin.