Kitso da ƙwarƙwata a garejojinmu



Yau dai sai kun yi haƙuri da mu, don za mu taɓa inda ke da ƙaiƙayi. Maganar gyaran jikin mota ce, wato aikin toliye, da wanga sabon yayi na aske mota ƙwal a shafe ta da mastik har ta koma sumul kamar ƙwai. Mu nan bakin iyaka muke. Mota ce abincinmu, ita ke kai mu kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibitin Maraɗi. Don haka in muka ga ana wasa da ƙarfen da ke ɗauke da rayukanmu, ba za mu yi shiru ba.

Mu fara da samarinmu. Yaro ya samu tsohuwar mota ta ƴan gayu, mai ƙofa biyu, wadda ta girme shi da shekaru. Ya kalli bidiyo a TikTok, ya ga wani a Amurka ya cire wa tasa hannun ƙofa, ya cire tambari da ƙarafunan ado da fitilun gefe, ya toshe ramukan, ya fesa fenti. Shi ma sai ya ce haka yake so. Wanga ado ba sabo ba ne can. Tun wajen 1950 masu ƙawata mota a Kalifoniya suke yin shi, da narkakkiyar dalma suke cike ramukan, kafin mastik irin na Bondo ya fito a 1955. Amma abin da bidiyon bai nuna maka ba, yawancin motocin nan na baje koli ne. Ana fito da su ran hutu, a yi musu hoto, a maida su ɗaki. Taka kuwa gobe da asuba za ta hau hanyar Maraɗi da mutum shida a ciki.

To, mu tambaye ka: ranar da motar ta kife, wa zai buɗe ƙofar? Kowa ya san wa ke fara isa wurin hatsari a hanyarmu. Manomi ne da ya jefar da hauya, ko ɗan kabu-kabu, ko mai amalanke. Hannunsa kawai gare shi. In ya lallaba ƙofa bai samu abin kamawa ba, kai ka yanke wa kanka hanyar fita. Ka ce ai akwai rimot. Rimot da batir yake aiki, kuma batir da wayoyinsa na cikin abubuwan da kan fara tsinkewa in mota ta yi karo. Haka fitilar gefe da madubi. Wanda ya ƙera motar bai sa su don kwalliya ba. Mai babur da ke gefenka da dare, da wannan ƴar fitilar yake sanin za ka karya kwana.

Akwai ma masu zuwa a datse musu ɗan kwararon ruwa da ke zagaye rufin mota, wai yana ɓata layi. A tsofaffin motoci da yawa, daidai nan ne aka haɗa rufi da ɓangarorin jiki da walda. Ka goge shi da inji, ka cike da mastik, ka sassauta abin da ke riƙe rufin kenan.

Sai dai laifin samari ƙarami ne in aka kwatanta da na manya. Yaro ya yi don burga, kuma shi ma yana cikin motar. Dillali da mai motar haya da ke sa a binne tsatsa ƙarƙashin mastik don su sayar ko su ci gaba da lodi, su sun san abin da suke yi.

Mu tuna daga ina motocinmu suke zuwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Mun yi shekara da shekaru muna ganin jerin gwanonsu, daga tashar ruwan Kwatano, su biyo ta Gaya, su iso Maraɗi, wasu su wuce ta ƙofar gidanmu zuwa Najeriya. A ƙasashen sanyi gishiri ake watsa wa hanya don ƙanƙara ta narke. Gishirin nan shi ke cin ƙarƙashin mota shekara goma sha, kafin ta iso mana tana ƙyalli daga sama.

Ga kuma abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba. Babbar mota tana da shasi dabam, jiki dabam. Ƙananan motocin yanzu kuwa, jikin shi ne ƙashin. Daɓen da kake taka ƙafa, da dogarin ƙofa, da ginshiƙan da ke riƙe rufi, su ke ɗaukar duka in an yi karo, kuma jikin bel da kujera suke ɗaure. Falankin jikin mota kaurinsa sau da yawa bai kai milimita 1 ba. In tsatsa ta cinye shi aka cusa takardar siminti ko ragar sauro aka laɓta mastik a kai, mi ya rage? Mastik roba ce da aka kwaɓa da garin dutse. Ba ya lanƙwasa ya shanye duka kamar ƙarfe, fashewa yake. Masu yin shi da kansu suna cewa a shafa shi siriri, kar ya wuce kamar milimita 6, ƙwararru ma ba su son kaiwa rabin haka. Mu nan muna ganin ana tona shi da guduma da kurfi, kauri kamar waina. Kuma yana shan ruwa. Damina guda ta isa laima ta shige bayansa, tsatsar ta ci gaba da aikinta a ɓoye, fenti na sama yana walƙiya. Kitso da ƙwarƙwata kenan.

Mun san abin da za a ce mana, don mun sha jin shi. Toliye zai ce: "Ni mi na yi? Na faɗa masa a yanke a sa sabon ƙarfe, ya ce ba shi da kuɗi, in shafa kawai." Akwai gaskiya a nan, kuma ba mu raina wahalar kowa ba. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a Janairun 2017. An rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har Maris na 2024. Garin da ke rayuwa da iyaka ya san abin da wannan ya yi wa aljihu, da kuɗin kayan gyara. To amma maigida, talauci ya hana ka sayen sabon ƙarfe, bai tilasta maka ka ce wa mai saye motar ba ta taɓa ganin guduma ba. Kuma kai malam toliye, magini na ƙwarai ba ya yaɓe bangon da ya san zai faɗa kan yara don mai gida ya ce a yaɓe.

Wani kuma ya ce: "Motata ce, kuɗina ne." Motarka ce har zuwa lokacin da ka ɗauki fasinja na farko, ko ka miƙa makulli ga wanda ya biya ka. Malamanmu suna karantar da mu labarin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tulin abinci a kasuwa ya taras da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya yi tir da wannan algus ɗin. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda ya sayi kaya ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar maida su. In jiƙaƙƙen hatsi ya kai haka, ina ga ruɓaɓɓen daɓen mota?

Masu cewa tsohuwar mota dole sai da mastik, su tuna Peugeot 504, Pijon iyayenmu. Ta fito a 1968, an yi ta harhaɗa ta a Kaduna tun 1975. Ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ƴar uwarta mai ƙofa biyu ta sake ci a 1978. Waɗanda suka rage a hanyoyinmu har yau, tsofaffin toliye ne suka raya su: a yanke ruɓar har a iske ƙarfe mai rai, a yanko falanki a yi walda, a bi da guduma a hankali har ya kwanta, a sa fentin hana tsatsa ciki da waje, sannan a shafa ɗan mastik ya rufe sawun guduma. Aikin yana cin kwanaki, shi ya sa ake gudun shi.

Kar mu manta da yaran gareji. Su ke goge mastik da takardar yashi tun safe, ƙura fara fat a gashin ido, su ke fesa fenti ba takunkumi. Da yamma a ba su gwangwanin madara wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, ƙurar kuwa huhu ta shiga. Takunkumi na ƙwarai bai kai kuɗin galan ɗin fenti ba.

Ga abin da muke roƙo. Sandikan direbobi da shugabannin tasha su hana lodi ga duk motar da ƙofarta ba ta buɗuwa da hannu daga ciki da waje. Masu bizit teknik su duƙa su leƙa ƙarƙashi, kar takarda ta wadatar da su. Shugabannin toliye su yi yarjejeniya tsakaninsu cewa ginshiƙi da daɓe da dogarin ƙofa ba a shafa musu mastik kan rami, ko nawa aka biya. Kai kuma mai sayen mota, ka tafi da ɗan maganaɗisu cikin aljihu, ko na tsohuwar sifika ne. Ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin motar. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, ka tambayi dillali mi ke ƙasa. Ka ɗaga kafet ka dubi daɓe, ka ƙwanƙwasa da yatsa ka saurara, kuma kar ka sayi mota da dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Ramukan hanya da gudun direba ba duka ke hannunmu ba. Abin da ake laɓtawa a garejin bayan gidanmu kuwa, a gabanmu ake kwaɓa shi.

Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, ya sa albarka a sana'ar masu riƙe amana.